Kafin ka taho Ayislan, Yaya

Salamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya, ya Hajiya da yara? Na ji idan kun gama taronku na Jamus za ka leƙo mu, kana tambayar nawa za ka riƙe. Bizar Shengen da za ka shiga Jamus da ita ta wadatar a nan ma, kuɗin jirgi ma da sauƙi. Ciki da wurin kwana su ne ke cinye aljihu.

Daga filin jirgin Keflavik zuwa Reykjavik, babban birnin ƙasar, kusan kilomita 50 ne, kuma ƙasar nan ba jirgin ƙasa. Kada ka kuskura ka tare tasi, bas za ka shiga. A nan duk abin da hannun mutum ya taɓa wuta yake yi, domin albashin ma'aikaci ba wasa ba ne: aski, gyaran takalmi, girki. Kuɗin kwano ɗaya na miyar rago da burodi, a Kano gida guda zai ci ya ƙoshi.

Don haka ka nemi masauki mai kicin, ka yi cefanenka a manyan kantunan Bónus ko Krónan. Tambarin Bónus alade ne, kada ya razana ka, akwai shinkafa da taliya da ƙwai da kifi. Naman nan da ake cusawa cikin burodi, wanda suke kira pylsa, kowa zai ce maka shi ne mai araha, amma da alade a ciki, ka bar musu kayansu. Ka taho da yaji da kuka. Kilishi kuwa kwastam ba za su bari ya shigo ba.

Abin da muke wahala a kansa a gida shi ne kusan banza a nan. Ruwan famfo ya fi na roba, kada ka sayi ko gora ɗaya. Na zafin daga ƙarƙashin ƙasa yake zuwa, yana ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai, da shi ake ɗumama gidaje, har tumatir ake nomawa da shi a ɗakunan gilashi. Wutar lantarki kuwa na manta rabon da na ji ƙarar janareta.

Kada ka wahalar da kanka da canjin krona, kuɗin ƙasar nan, kati ake gogawa ko'ina, ba ciniki, ba ihsani ga mai kawo abinci. Rigar sanyi mai hana ruwa ka saye ta tun a Jamus. Idan ka yanki tikiti ka turo min ranar, in nemi hutu a wurin aiki.