Daga Faransa: yadda ake yanke ranar kai kaya da kuɗin gaggawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa teloli da dukawa na Garwa da Marwa, musamman waɗanda suka fara karɓar aiki ta WhatsApp da Facebook.

Ɗinkinmu bai gaza na nan Faransa ba. Inda suka fi mu shi ne alƙawarin rana. Mai sana'a a Faransa yana raba lokaci gida biyu, kwanakin haɗa kaya da kwanakin hanya, kuma mai saye yana ganin kowanne a rubuce kafin ya biya. Ranakun aiki ake ƙirgawa, Litinin zuwa Juma'a. Akwai kuma sa'ar rufe littafi: in an sa ƙarfe 2 na rana, abin da ya shigo bayanta na gobe ne.

Doka ma ta tsaya a kai. In ba a faɗi rana ba, kwana 30 ne iyaka. In ya wuce, mai saye zai ba da ƙarin wa'adi. Aka sake saɓawa, ya fasa cinikin, a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14. Amma abin da aka ɗinka da awon mutum, ba ya dawo da shi don kawai ransa ya canza.

Hanya kuwa kowace da farashinta. A cikin masu kai saƙon kaya a Faransa, Colissimo kamar kwana biyu, Chronopost washegari amma da tsada, mai saye ne ke zaɓa.

Ga lissafin da nake so ku ɗauka. A ce shago yana gama riga huɗu a rana, akwai 20 a layi. Ta 21 sai rana ta shida, ba "jibi in sha Allah" ba. Ƙara kwana ɗaya saboda ɗauke wuta, ɗaya saboda guga da duba aiki. In babu shaddar ko zaren a shago, sai an sayo daga Kano ko Duwala, ƙirge yana farawa ranar da kayan suka iso, kuma a gaya wa mai saye haka tun farko. Sannan a ɗora na hanya: mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa kwana guda zuwa Yawunde. Da damina, a ƙara wa hanyar Kusiri kwanaki.

Wanda yake so a tsallake da shi layi, ya biya. Kuɗin nan ba zalunci ba ne, na yaran da za su kwana a kan keke ne, da man janareta. Sai dai a ƙayyade, gurbi ɗaya ko biyu a mako. In kowa ya zama na gaggawa, waɗanda suka riga biya su ne za su kwana ciki, su ne kuma ba za su dawo ba.

Watan azumi ya fi kowane lokaci ɓata suna. A sanar da ranar daina karɓar ɗinkin Sallah tun farkon wata, a rubuta ta a jikin hoton kaya, kuma kada a buɗe ta ko da kafin alƙalami ya riga ya shigo ta Orange Money.