Moton doki ɗaya na hannu da na ɗora wa garandar shagona

Duk mai walda ko ƙira ya san garandar tebur ba ta hutawa: ita ce wasa bakin diril, ita ce share kaifin ƙarfen da aka yanka, idan babbar sallah ta matso kuma ga wuƙaƙen layya da addunan unguwa. Ƙananan garandun nan da ke zuwa a kwali, masu dutse biyu manne da moto, ba sa jure irin wannan aiki. Da ka danna gatari sai gudun ya mutu, jikin ya ɗauki zafi. Shi ya sa na sayi moto daban, na haɗa tawa da bel, kuma ta yi aikin da ya isa in faɗi ra'ayina a kanta.

Abin da na ɗauko a Ƙofar Ruwa, nan Kano, tsohon moto ne na ƙasar waje, fentinsa duk ya kaɗe. Mai shagon ya so in ɗauki wani sabo fil mai sheƙi, an manna masa takarda an ce ƙarfin doki biyu gare shi. Na ɗaga shi da hannu ɗaya. Na ce, "Alhaji, wannan koyil ɗinsa tagulla ce kuwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, kai dai ka san abin da kake nema," ya sa yaronsa ya jawo mini tsohon daga ƙarƙashin kanta. Moto mai waya ta alminiyam bai kai mai tagulla nauyi ba, kuma masu naɗin koyil ba sa murna da shi idan ya ƙone.

Ƙaramin farantin da ke jikin moto shi ne abin karantawa. A nawa an buga 0.75 kW, wato doki ɗaya, 220 V, 50 Hz, juyi 1,420 a minti. Lambar 50 ɗin nan ita ce ta wutarmu. Akwai motocin Amurka a cikin kayan gwanjo masu 60 Hz da 115 V, suna da arha, amma ka sa wa irinsu wutar 220 kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Akwai kuma masu layi uku, waɗanda ba za su tashi da wutar shago mai layi ɗaya ba sai da ƙarin na'ura. Kafin in biya na juya shaf, wato sandar moton da ke juyawa, da hannu, na girgiza shi sama da ƙasa don in ji ko boris ya ci, na shinshina akwatin waya ko akwai ƙaurin ƙuna. Aka jona shi ya tashi nan take, da aka kashe kuma, yana gab da tsayawa, na ji ɗan "ƙas" ɗin makunnin cikinsa, alamar yana aiki.

Da gangan na zaɓi mai gudun 1,420 na bar mai 2,850. Mai saurin yana cin ƙarfe da wuri, amma bakin wuƙa siriri ne, kafin ka ankara ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, mahauci ya dawo maka da ita ba ta riƙe kaifi. Da bel kuwa gudun yana hannuna. Na sa fuli, wato faifan da bel ke hawa, mai inci 4 a moto, mai inci 3 a shaf ɗin dutse, dutsen yana juyi kusan 1,900. Ranar da na so sauri, fuli kawai zan canza. Sai dai kowane dutse akwai iyakar gudunsa a rubuce a takardar gefensa, kuma dutse yana ƙara faɗi iyakar tana raguwa. Na ga masu ɗora dutsen inci 10 a kan moto mai 2,850 ba su duba takardar ba, kuma ina jin tsoron hakan ƙwarai, domin dutse idan ya fashe fuskar mai aiki yake nufa.

Bayan gudun, abu na biyu da na yaba shi ne jikin moton a rufe yake, mai haƙarƙari a waje da fanka a baya. Ƙurar garanda garin ƙarfe ce da garin dutse, moto mai tagogi yana zuƙe ta har cikin koyil. Haɗa da ƙurar hunturu, ka ga wanda ke rufe ya fi dacewa da mu.

Ɗorawar ta fi sayen cin lokaci. Shaf ɗin moton milimita 19 ne, ramin fulin da na samu ya yi masa kaɗan, sai da na kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya buɗa shi ya fitar da gurbin ki, wato ɗan ƙarfen da ke kulle fuli da shaf. Tebur na angul mai kauri na yi, na kafe ƙafafunsa a siminti. Moton yana ƙasa a kan faranti mai dogayen ramuka, ana ja da shi baya a ɗaure bel. Na shimfiɗa yankin tsohuwar taya a ƙarƙashinsa, rawar ta ragu sosai. Fuli biyun na daidaita su da miƙaƙƙen ƙarfe har ya kwanta a gefen kowanne, in ba haka ba bel ya riƙa cin gefe. Ɗaurin kuma matsakaici, yadda yatsa zai iya lotsa tsakiyarsa kaɗan. Wanda ya ɗaure tamau boris yake kashewa.

Dutsen kansa na rataye shi a yatsa na ƙwanƙwasa da ƙotar katako, ya yi ƙara garau, wato babu tsaga a ciki. Dole ya riƙa juyowa ƙasa ta wajen mai aiki, kuma notin ɓangaren hagu zarensa na hagu ne don kada juyi ya kwance shi. Majinginar ƙarfe tana nesa da dutsen da kamar milimita 3. Na yi wa bel da dutse murfi, na ja wayar at, mai kare mutum daga jan wuta, daga jikin moton zuwa ƙasa, saboda yaran shago da silifas suke aiki, wani lokaci a jiƙaƙƙen daɓe.

Inda moton ya gaza shi ne wajen tashi. Yana jan wuta ninki da yawa a daƙiƙar farko, ƙaramin janareta sai ya durƙusa, wani sa'in ya mutu gaba ɗaya. Idan wuta ta zo da rauni kuma sai ya tsaya yana gurnani bai juya ba, dole a kashe nan da nan. A irin haka kafasitarsa ta kumbura na canza wata mai lamba ɗaya. Murfin akwatin wayarsa ma babu shi na saya, da gwangwani na lanƙwasa masa wani.

Wanda aikinsa bai wuce wasa almakashi da wuƙar gida ba, ta kwali ta ishe shi. Mai shago da ke danna gatari da garma a dutse kullum, kuma yake da janaretan da ke ɗaukar injin walda, wannan haɗin nake ba shi shawara, ya kuma tafi kasuwa da mai gyaran moton da ya yarda da shi.