Hattara da masu "solar proje" da ke bin gidaje a Maraɗi

Jama'ar Maraɗi, a yi hattara. Akwai wasu samari da ke bin unguwanni, daga Ali Ɗan Sofo har Zariya da Bagalam, sanye da riguna iri ɗaya, kati rataye a wuya, takarda mai hatimi a hannu. Cewa suke wani proje ne ya turo su raba sola a kan rabin kuɗi: masu tallafi sun biya rabi, kai ka cika rabi, kuma rajista ta kusa rufewa. Sunan projen ma ba ya zama ɗaya, wanda suka faɗa a wannan layi daban, na layi na gaba daban.

Sun san inda ke yi mana ƙaiƙayi. Wutar da NIGELEC ke ba Maraɗi da Damagaram, mafi yawanta daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya tuna yadda aka yanke ta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a 2024. Tun daga nan duk mai ɗan hali ya sa sola a ransa, balle in Afrilu da Mayu suka kama, zafi ya haura digiri 40, yara na kuka cikin ɗaki. Mutumin da ya kwana yana fifita ba ya tsayawa dogon bincike in an ce masa ga mafita a rabin kuɗi.

Salonsu biyu ne. Na farko tsohon yayi ne: ka ba da abansi, ko ka tura ta gidan aika kuɗi, a ba ka takarda, washegari lamba ta daina shiga. Na biyun ya fi ba ni tsoro, domin kayan suna zuwa. A hau maka rufi, a ɗaura, a kunna fitila da rana tsaka, ka sa hannu, har ka yi musu addu'a.

Haka aka yi wa wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara da lamurje. Kuɗin adashenta ta kwashe gaba ɗaya. Babban cikinsu ya dafa batirin ya ce mata, "Hajiya, wannan ko kilim kika ɗora masa, zai ja har asuba." Firigo kawai ta ɗora da fanka ɗaya. Kafin a fito sallar isha'i na'urar da ke ba kayan wuta daga batirin ta fara ƙara, komai ya mutu, ƙanƙara ta koma ruwa.

Da ta kira ni na duba, allon solar an manna masa takarda mai sheƙi, an rubuta wat 500 da manyan lambobi. Na sa ma'auni: tsawo bai cika mita ɗaya ba, faɗi ya ɗan wuce rabin mita. Nan ƙaryar ta fara fitowa. Rana in ta take sosai, ƙarfin da take zubowa a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi kusan wat 1000 ne, kuma allo mai kyau kusan kashi 20 cikin 100 kawai yake maidawa wuta. Ke nan allon wat 500 na gaskiya sai ya kai wajen mita biyu a tsawo, ya wuce mita ɗaya a faɗi, mutum ɗaya ba ya hawa tsani da shi cikin sauƙi. Nata, iyakarsa wat 100 da ƴan kai. Abin dariya, da na leƙa bayansa, sun manta ba su taɓa ƙananan lambobin masana'anta ba: bolt 18, amfa 5.5. Ka ninka su, 99 za ka samu. Duk mai sayen allo ya riƙe wannan: lambar da aka rubuta Vmp a gabanta, wato ta bolt, a ninka ta da ta Imp, wato ta amfa, abin da ya fito shi ne ƙarfin allon, ba babban rubutun gaba ba.

Batirin kuwa an rubuta masa 200Ah, wato ma'aunin yawan wutar da yake iya ajiyewa, amma ɗanta da bai gama firamare ba ya ɗaga shi shi kaɗai. Batirin dalma mai bolt 12 da 200Ah na gaske yana kai kilo 55 zuwa 65, ya fi buhun siminti nauyi. Sai dai kada nauyi kaɗai ya ruɗe ku, don wasu sun waye: ƙananan faranti suke sawa a sama, su cika ƙasan da yashi ko fasassun gilashi. Wasu kuma tsofaffin batura ne da suka gama aiki, a wanke, a sake ruwa, a yi fenti, a sa a kwali sabo. Irin waɗannan suna nuna caji ya cika da wuri, su kuma sauke da wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko da kayan na gaskiya ne, alkawarin da suka yi mata ƙarya ne. Batir mai bolt 12 da 200Ah, abin da ke cikinsa 2400 ne in an ninka, wato wat 2400 na tsawon awa ɗaya, kuma na dalma ba a shanye fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko. Saura 1200. Fanka mai cin wat 60, in ta kwana awa 10 tana juyawa, ta ci 600. Fanka biyu sun gama da shi. Kilim mai doki ɗaya kuwa, da ke cin wajen wat 900, awa ɗaya da ƴan mintoci ne rabonsa. To ina asuba?

Ba ina kushe sola ba ne. Ƙasar nan Allah ya hore mata rana, ga tashar Malbaza mai megawat 7, ga ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30, kuma gidaje da yawa a garin nan suna morar tasu lafiya. Amma waɗanda suka more, daga rage ci suka fara. Sun cire tsofaffin ƙwayayen wat 60 sun sa LED mai wat 9, sun sayi fanka mai aiki kai tsaye da batir, guga da resho da abin dafa ruwa ba sa kusantar layin. Batir yana wuri mai iska, ba cikin ɗakin kwano mai turiri ba, domin zafi na rage masa kwana ƙwarai. Lokacin hazo kuma ana goge allo da sassafe, tunda ƙura na tare rana. Mai sana'ar kirki, kafin ya faɗi kuɗi, sai ya tambaye ka me da me za ka kunna, awa nawa. Waɗannan samari ko sau ɗaya ba su tambayi Hajiya ba. Wanda duk ya yanka maka farashi bai ga kayan gidanka ba, kuɗinka yake lissafi.

Suna kuma ɗauke da wani ɗan akwati mai koriyar fitila, wai in ka soka shi a bango kontarka za ta rage gudu, faktir ta ragu da rabi. Ba abin da yake ragewa. Konta wutar da kayanka suka ci take ƙirgawa, fitilar akwatin ma ɗan ƙari ce a kai.

Don haka kada a yi cinikin biri a sama. In sun ce proje ne, a ce su zo a je wurin mai unguwa ko ma'aikatar magajin gari tare, a ga ko an san da su; galibi nan suke tuna suna da wani uzuri. A sayi kaya a shagon da ke da mazauni, wanda in abu ya lalace za ka koma ka tarar da mai shi. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane allo da batir, garanti kuma a rubuce, ba na baki ba. A zo da mai gyaran wuta na kanka, ba wanda su suka kawo ba, ya auna allo da rana tsaka, ya ɗora wa batir kaya ya ga awa nawa zai riƙe. Cikon kuɗi sai kayan sun kwana suna aiki.

Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana takardar da suka ba shi da lambar wayar da shaidar tura kuɗi, ya kai komisariya, ko jandarmomi in a ƙauye ne. Hajiya ta kai nata, kuma a can ta tarar ba ita kaɗai ba ce. Yanzu da cikin gari ya fara gane su, ƙauyuka za su nufa ranakun kasuwa, wajen Tibiri da Madarunfa da Ɗan Isa. Mai ƴan uwa a can ya karanta musu wannan cikin saƙon murya, don yawancin waɗanda za a tara ba karatu suke yi ba.