Wace mitar awon wuta ta cancanci kuɗinka?

Duk wanda ke son sanin yawan wutar da na'urarsa ke ci yana bukatar adadi biyu kacal: ƙarfin wutar, wanda ake aunawa da volt, da yawan wadda ke gudana a cikin waya, wanda ake aunawa da amp. Idan aka ninka volt da amp sai a sami wat, idan kuma aka raba volt da amp sai a sami turjiyar na'urar da ma'aunin ohm, bisa dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827. Dutsen guga da ke jan amp 4.3 a kan volt 230 yana cin kusan wat 1,000, turjiyarsa kuwa wajen ohm 53 ce. Ranar da wuta ta zo da rauni ta sauka zuwa volt 180, dutsen nan zai ja amp 3.4 ne kawai, wato kimanin wat 610, shi ya sa yake daɗewa bai yi zafi ba. Lissafin ba shi da wahala, samun amp ɗin gaskiya ne aikin.

Saboda haka nake fifita mita mai baki irin na awartaki, musamman UNI-T UT210E. Ana buɗe bakinta ne a rungumo waya ba tare da an yanke ta ko an fere ta ba, kuma tana auna har amp 100, na wutar gida da na batir, abin da mai sola ke matuƙar bukata, domin da yawa daga cikin mitoci masu baki na wutar gida kaɗai suke aunawa. Tana kuma ba da adadi na gaskiya ko da wutar ta fito daga ƙaramin inbata mai gurɓatacciyar wuta. Sai dai a rungumo waya guda, domin idan aka haɗa wayoyi biyun da ke cikin igiyar na'urar sifili za ta nuna. A kuma lura cewa a firji da fanka adadin da ninkawar ke bayarwa ya fi ainihin wat ɗin da suke ci.

Mitar Fluke 117 ba ta da aibi sai tsada. 'Yar ƙaramar mitar nan DT830B kuwa ba ta auna amp na wutar gida ko kaɗan.

Inda hatsarin yake shi ne jabu. Na taɓa sayen mita a wani shago da tambarin CAT III a goshinta, wato shaidar cewa za ta jure tashin wuta kwatsam ba tare da ta cutar da mai ita ba, da na kwance ta sai na tarar da guntuwar waya an lanƙwasa a gurbin fiyus, wanda ke nufin kuskure guda a soket zai iya tarwatsa ta a hannun mai ita. Buga tambari ba ya cin kuɗi, don haka kada a yarda da rubutun jikin kwali. A je kasuwa da sabon batir ƙarami, wanda ya kamata ya nuna volt 1.5 zuwa 1.6. A haɗa kawunan wayoyin awon biyu a ma'aunin ohm, adadin ya tsaya ƙasa da ɗaya ba tare da yana tsalle ba. A murza wayoyin a ji kaurinsu, domin na jabu roba ce zalla da 'yan silin ƙarfe a ciki. Mai shagon da ya hana a yi wannan gwaji a gabansa, a bar masa kayansa a nemi na gaba.