Akwatin hotuna ko bakin Inna?

Mai neman asalinsa a garin Tawa hanya biyu gare shi: hoto ko bakin tsofaffi.

Hoto ba ya ƙara gishiri. Na kakanmu, wanda aka ɗauka a Abijan da ya je biɗa, ya nuna tsagen fuskarsa da rediyon da ya rungume. Sai dai bebe ne, bayansa ba suna ba shekara, gara kuma ta ci gefe guda.

Inna kuwa, kai mata goro ka zauna. Za ta lissafo kakanni biyar, da wanda ya bar gida a yunwar 1973, har rijiyar tsohon gidanmu na unguwar Bilbis. Takan cakuɗa shekaru, ta tsallake wanda suka yi faɗa. Duk da haka ita na zaɓa, ranar Juma'a zan je da wayata in naɗi muryarta.