Wasiƙa daga Kasel: itacen da aka kafa wa dutse

Assalamu alaikum, Kawu. Allah ya ƙara girma da lafiya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon a isar da gaisuwata ga Inna da dukan mutanen gida a Argungu. Kun umarce ni in riƙa ba ku labarin kaya da hidimomin da nake gani a ƙasar Jamus, ina gwada su da namu, to yau zan tsaya a kan itatuwan gari, domin su ne suka fi tsaya mini a rai tun zuwana.

Da na sauka a Kasel, a jihar Hesen, na lura cewa itatuwa da yawa a bakin hanyoyi da filayen shaƙatawa suna da wani baƙin dutse a tsaye a gefensu, wanda tsawonsa ya ɗan wuce ƙugun mutum. Maƙwabcina, wani dattijo haifaffen garin, shi ya warware mini. Ya ce aikin wani mai fasaha ne, Joseph Beuys, wanda a shekarar 1982, lokacin babban bikin baje kolin fasaha da ake kira Dokumenta, ya sa aka jibge duwatsu 7,000 a dandalin da ke gaban gidan tarihi na Fridericianum, ya kuma kafa sharaɗi cewa ba za a ɗauke dutse ko ɗaya ba sai an dasa itace a cikin gari an kafa dutsen a gefensa. Mai son ɗaukar nauyin itace ɗaya yakan biya mak 500, kuɗinsu na wancan zamani. Mutane sun yi ta ƙorafi a kan tsibin duwatsun, wasu kuma suna kukan za a cinye musu wurin ajiye mota, amma babu hanyar rage tsibin sai dashe. Beuys ya rasu a 1986 bai ga ƙarshen aikin ba. Ɗansa ne ya dasa itacen ƙarshe a 1987. Akasarin itatuwan irin wanda suke kira Eiche ne, wanda matsayinsa a wurinsu ya yi kama da na kuka a wurinmu wajen girma da daɗewa.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa suke kiran wannan fasaha, alhali mu abin da muka sani da sunan fasaha shi ne sassaƙa da saƙa da zanen gini. Bayanin da na samu shi ne, a ganin mutumin, jama'ar gari su ne masu aikin kuma garin kansa shi ne abin da ake ƙerawa. Da na ji haka sai na ce ai wannan gayya ce, irin wadda muke yi a fadama lokacin yankan shinkafa, sai dai su sun bar mata shaidar da ba ta gogewa.

A watan Nuwamban da ya wuce na shiga irin wannan gayyar a wani fili na unguwarmu, kuma a nan na ga bambancin kaya da idona. Dashen da ma'aikatan gari suka kawo ya fi ni tsawo, saiwarsa na ɗaure da ƙasarta cikin algarara, kuma kuɗin guda ɗaya yakan kai ɗaruruwan yuro. Ana kafa masa turaku uku a ɗaure shi da majanyi don kada iska ta karya shi, idan zafi ya zo kuma a naɗa masa wata jakar roba mai cin lita 60 zuwa 75, wadda ke tsiyayar da ruwa a hankali zuwa saiwa. Tun bayan farin da suka sha a 2018 da 2019 jakunkunan suka yawaita a garuruwansu. Itatuwan gari suna cikin rajista, ana zagayawa ana duba lafiyarsu, wanda ya mutu kuma a maye gurbinsa.

Duk da haka, Kawu, ba na jin sun fi mu kayan dashe. Ɗan dogon yaro ko mangwaro a cikin leda kuɗi kaɗan ne a wurinmu, wani lokaci ma kyauta ake rabawa ranar ƙaddamar da dashe, kuma dogon yaro cikin 'yan shekaru yake ba da inuwar da nasu itacen sai ya shekara gommai kafin ya ba da. Muna da tsamiya da gawo da maɗaci, waɗanda suka san raninmu. Kebbi tana cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa na yaƙi da hamada ya shafa, saboda haka dashe ba baƙon abu ba ne a gare mu. Inda suka tsere mana shi ne hidimar da ke biyo bayan dashe. Na tuna itatuwan da muka dasa muna yara a bakin filin ƙwallon unguwa: damina na wucewa awaki suka cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran, domin babu wanda aka ce wannan nasa ne. Har yau abin yana yi mini ciwo, don ko kufansu babu.

Shi ya sa nake neman shawararku a kan filin da ke bayan masallacin unguwarmu. Ina so a dasa itatuwa 30 a farkon damina mai zuwa, kowane gida ya ɗauki ɗaya, a kafa masa dutse ko turken siminti mai ɗauke da sunan gidan, a kuma tara duwatsun tun yanzu a inda kowa zai riƙa ganinsu idan ya fito salla. Zan ɗauki nauyin dashen da shingen da zai kare su daga dabbobi, tare da kuɗin mai ga-ruwa na rani biyu, tun daga Nuwamba har saukar ruwa. A madadin jakar roba, tulun ƙasa da aka binne a gindin itace aka rufe bakinsa zai yi aikin. Idan kun amince, ina roƙon ku yi magana da mai unguwa da liman, sannan a aiko mini da farashin dashe da na kurar ruwa a yadda suke yanzu.

Wassalam, ɗanku a Kasel.