Kano zuwa Guangzhou: ta Addis Ababa ko ta Alƙahira?

Wani ɗan'uwa da zai tafi saro kaya China karo na farko ya tambaya: daga Kano zuwa Guangzhou, wace hanya ta fi kusa, ta Habasha ko ta Masar? Alhaji, in kilomita kake dubawa, kusan duk ɗaya ne.

A miƙe, tsakanin Kano da Guangzhou kilomita 11,000 ne ba kaɗan, amma babu jirgin fasinja da ke zuwa kai tsaye, dole a yada zango. Da Ethiopian Airlines, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa kilomita 3,300 ne da ɗoriya, awa huɗu da rabi zuwa biyar, sannan kilomita 8,000 zuwa Guangzhou, kimanin awa goma. Da EgyptAir kuwa, Kano zuwa Alƙahira kilomita 3,100 ne, daga can zuwa Guangzhou wajen 8,000, shi ma kusan awa goma. Ratar ba ta kai kilomita 300 ba, abin da jirgi ke cinyewa kafin ka gama shan shayi.

Inda ake shan wahala shi ne jira. Tikiti biyu suna iya zama awa goma sha biyar a sama kowanne, amma ɗaya ya kai ka cikin awa ashirin, ɗaya kuma sai ka kwana a kan kujerar filin jirgi, jaka a ƙarƙashin kai. Don haka kafin ka biya ejan, ka ce ya nuna maka awa nawa ne tsakanin saukarka da tashin jirgi na biyu, zuwa da dawowa. Mutane da yawa na zuwan kawai suke dubawa. In jiran ya yi tsawo, ka tambaya ko kamfanin zai ba ka otal, a rubuta maka. In ta Addis za ka bi, ka riƙe rigar sanyi a hannu, don filin Bole yana kan tudu, sama da mita 2,300, kuma dare na da sanyi.

Agogo ma yana rikita baƙo. Guangzhou na gaban Kano da awa bakwai, lokacin sauka da ke jikin tikiti kuma na garin da za a sauka ne. Idan ka sauka filin Baiyun da ƙarfe huɗu na yamma, a gida tara na safe ne. Dawowa takan ɗan fi tsawo, saboda jirgin da ya nufi yamma yana karo da iska.

Ni dai na fi karkata ga wanda jiransa ya faɗa tsakanin awa uku zuwa biyar, ko da ya ɗan fi tsada. Ƙasa da awa biyu ganganci ne, jinkiri kaɗan daga Kano ya isa ya raba ka da jirgi na biyu, ko kai ka isa jakarka ta kwana a hanya. In kuma lokacin Canton Fair, babban baje kolin kayayyaki na Guangzhou, za ka je, Afrilu ko Oktoba, ka yanki tikiti da wuri.